Buɗewar Gaba Bayan Haihuwa da Kasuwar Maganin Matsi

Kasuwar kayan mata, wadda a da ba ta wuce ƙullin dillaliya da raɗar gidan suna ba, yanzu ta baje koli a TikTok da Facebook da WhatsApp, kuma daga cikin hajojinta babu wadda ake tallatawa da tsoratarwa kamar maganin matsi. Saƙon masu tallar bai cika bambanta ba: duk macen da ta haihu da kanta ta buɗe, mijinta zai daina samun gamsuwa, kuma idan ba ta hanzarta yin gyara ba to kishiya tana tafe. Da wannan fargaba ake sayar wa mai jego ƙullin da za ta cusa, da garin da za ta dafa ta zauna a ciki, tun ɗinkin da aka yi mata a asibiti bai warke ba. Koken da matan suke yi yana da asali, domin haihuwa tana sauya jikin mace, amma abin da ake sayar musu ba ya kaiwa wurin da sauyin ya auku.

Farji ba rami ba ne mai faɗi ƙayyadadde, hanya ce mai tsawon santimita 7 zuwa 10 wadda bangonta na gaba da na baya suke haɗe da juna idan babu abin da ya shiga tsakaninsu, kuma bangon yana da naɗe-naɗe da suke ba shi damar miƙewa ya sake komawa. Riƙon da ma'aurata suke ji ba daga wannan bango yake fitowa ba, daga tsokokin ƙasan ƙugu ne, wato rukunin tsokokin da suka shimfiɗu daga ƙashin mara zuwa ƙarshen ƙashin baya, suna tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, suna kuma kewaye da hanyar fitsari da farji da hanyar bayan gida. Waɗannan tsokoki ne kan jariri yake ratsawa, kuma wani bincike da masana na Jami'ar Mishigan ta Amurka suka wallafa a 2004 ya ƙiyasta cewa sashen da ya fi shan ja daga cikinsu yakan miƙe fiye da ninki uku na tsawonsa. Tsokar da ta sha irin wannan ja, tare da jijiyoyin da suke ba ta umarni, dole ta yi sanyi na wani lokaci, kuma wannan sanyin ne mace take ji a matsayin buɗewa. Shi ne kuma yake sa iska ta shiga ta fita da ƙara, abin da yake ba mata kunya har ake hana mai jego wani irin zama saboda shi, alhali iskar ba ta haddasa komai, alama ce kawai ta cewa tsokar ba ta gama dawowa ba.

Mahaifar da take kai nauyin kilo 1 a ranar haihuwa takan koma ƙasa da giram 100 cikin mako 6, wanda ya zo kusan daidai da arba'in ɗin da al'ada ta sani, sai dai tsoka da jijiya sun fi mahaifa jinkiri, sukan ɗauki wata 6 ko fiye kafin su kai iyakar ƙarfin da za su kai. Ɗaukewar jinin biƙi, wanda malaman Malikiyya suka sanya iyakarsa kwana 60, tana halatta saduwa, amma ba ta nuna cewa jiki ya gama warkewa ba, don haka hukuncin da miji zai yanke a makon farko bayan wankan arba'in hukunci ne a kan jikin da yake tsakiyar gyara kansa. Zancen cewa yawan saduwa yana buɗa mace kuwa ba shi da tushe, domin hanyar da ta iya wuce da kan jariri ta koma, mazakuta ba za ta sauya ta ba.

Ba kowace mace ce take komawa yadda take ba, kuma ɓoye wannan ba taimako ba ne. A wasu haihuwar, musamman ta fari, tsokar takan ɓalle daga jikin ƙashin da take manne da shi, kuma hatsarin haka yana ƙaruwa idan jariri babba ne, ko nishi ya yi tsawo, ko an jawo kai da ƙarfen taimakon haihuwa. Akwai kuma ƙaruwa, wato yagewar naman da yake tsakanin farji da dubura, wadda likitoci suka kasa hawa huɗu, hawa na uku da na huɗu su ne waɗanda suka taɓa tsokar da take riƙe bayan gida. Ƙaruwar da ƙwararre ya ɗinke nan take yawanci tana warkewa lafiya, wadda aka bari kuwa aka ce ruwan zafi zai haɗe ta, takan warke a buɗe, bakin farji ya zauna da faɗi har ƙarshen rayuwa idan ba a gyara ba. A nan ne alƙaluman binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 suke da ma'ana, domin sun nuna cewa kusan kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti, yayin da matsakaicin haihuwar mace a yankin ya kai 6.6. Macen da ta ƙaru a ɗakinta ba a duba ta ba, sannan ta yi kwanika tun tsokar ba ta farfaɗo ba, ta maimaita haka sau shida ko bakwai, ita ce ta fi kowa hujjar yin kuka, kuma ita ce ƙullin dillaliya ba zai amfana wa komai ba.

Yawancin abubuwan da ake harhaɗawa a maganin matsi, kamar bagaruwa da alif, wato farin dutsen nan da ake jefawa cikin ruwa don laka ta kwanta, suna aiki ne ta hanya ɗaya, kuma wanda ya taɓa tsayawa a majema ya ga aikin da idonsa. Majemi yana jiƙa fata cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa ne saboda sinadarin tanin da yake cikin kwasfarta, wanda yake kama naman fata ya tsuke shi, ya tsotse ruwansa, ya hana shi ruɓewa, har ɗanyar fata mai santsi ta koma kirgi mai kaushi. Abin da majemi yake yi wa fatar akuya da gangan shi ne ake yi wa bangon farji idan aka zauna cikin ruwan bagaruwa mai kauri ko aka cusa alif: saman fatar ya ɗaure, ni'ima ta ɗauke, wani lokaci wurin ya kumbura saboda raɗaɗi. Miji yana jin kaushi da bushewa sai ya kira shi matsi, matar kuma tana jin zafi sai ta ɗauka alamar magani ya karɓe ta ce. Tsokar da ta yi sanyi tana can ƙarƙashi, ko kusa maganin bai je mata ba, shi ya sa bayan sa'o'i ko kwana guda komai yake komawa yadda yake, a sake komawa wurin mai sayarwa, wanda hakan ne ya sa cinikin ba ya mutuwa.

Abin da ya ƙara munin lamarin shi ne mai shayarwa ba ta rasa bushewa ba balle a ƙara mata. Sinadarin furolaktin da yake kawo ruwan nono yana danne estirojin, wato sinadarin da yake sa bangon farji ya yi kauri da laushi da danshi, saboda haka mai goyo takan kasance da fata siririya mai saurin tsagewa har sai shayarwa ta ragu. Idan aka ƙara busar da irin wannan fata, saduwa takan bar ƙananan tsage-tsagen da ido ba ya gani, waɗanda ƙofa ce ga cututtukan da ake ɗauka ta jima'i. Ƙari a kan haka, farji mai lafiya yana da ɗan tsami wanda wasu ƙwayoyin halitta masu amfani suke samarwa domin hana masu cutarwa yaɗuwa, kuma kanwa da sabulu da turaruka da miskin da ake cusawa suna rushe wannan tsari, sai ƙaiƙayi da wari da fitar ruwa su biyo baya, a ce sanyi ne, a sayo wani ƙullin. Likitocin mata a Nijeriya sun daɗe da sanin ƙarshen wannan hanya, wato toshewar farji bayan an cusa abu mai ƙuna: bangon ya ƙone, ya warke a manne da tabo, saduwa ta gagara, wani lokaci har jinin al'ada ya rasa hanyar fita, kuma tiyatar buɗe shi tana da wuya, tabon yakan sake tsukewa.

Ko da a ce matsin gaskiya ne, ba shi ne ginshiƙin gamsuwa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2000 a kan mata masu haihuwar fari a Landan ya nuna cewa kashi 83 cikin 100 sun fuskanci matsala a shimfiɗa cikin wata 3 na farko, kashi 64 kuma har wata 6, kuma zafi da bushewa da raguwar sha'awa suna cikin manyan abubuwan da suka ambata, amma kashi 15 ne kawai na masu matsalar suka faɗa wa ma'aikacin lafiya. Idan haka abin yake inda ake ganin baki a sake yake, ana iya kwatanta yadda zai kasance inda kunya take hana mace faɗa wa ko yayarta. Ta fuskar mace kuwa, yawancin jin daɗinta yana ga ɗan tsaka da kewayen bakin farji, ba can ciki ba, kuma a binciken da Debby Herbenick ta Jami'ar Indiyana ta jagoranta a kan mata sama da 1,000 a Amurka, wanda ya fito a 2017, kusan kashi 18 ne kawai suka ce shigar mazakuta kaɗai tana kai su ga biyan buƙata. Macen da ta kwana tana jijjiga jariri, ɗinki yana yi mata zugi, tana tsoron sabon ciki, abin da ta rasa shi ne barci da wasa da lallashi da man shafawa mai ruwa-ruwa da ake samu a kantin magani, kuma duk waɗannan a hannun miji suke.

Shi ma mijin da yake ƙorafi ba a cika tambayarsa lafiyar kansa ba. Ciwon suga da hawan jini da taba da shekaru suna rage ƙarfin gaba sannu a hankali, kuma mazakutar da ba ta yi ƙarfi sosai ba ba za ta ji riƙo ba ko da matar ba ta taɓa haihuwa ba, amma da yake ɗora laifi a kan wadda ta haihu ya fi sauƙi a kan zuwa awon jini, sai a bar ta da neman magani, shi kuma ya ce basir ne yake damunsa.

Maganin da aka tabbatar yana ƙarfafa waɗannan tsokoki ba a sayensa, motsa su ne, kamar yadda likitan mata na Amurka Arnold Kegel ya bayyana a 1948. Mace za ta matse ƙasanta ta ja shi ciki da sama kamar mai riƙe fitsari da tusa a lokaci guda, ba tare da ta ɗauke numfashi ko ta matse cinyoyi da ɗuwawu ba, ta riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, tana ƙarawa da kaɗan-kaɗan har ta kai 10, sannan ta saki gaba ɗaya, domin sakin ma sashe ne na aikin. Ƙa'idar da hukumar tsara jinya ta Ingila ta shimfiɗa wa masu ɗigar fitsari ita ce aƙalla matsa 8, sau 3 a rana, har wata 3, kuma ana iya yi a kwance ko a zaune ana shayarwa ba wanda ya sani. Ba a mayar da tsayar da fitsari a tsakiyar yinsa ya zama atisaye, domin yana iya hana mafitsara juyewa duka. Mata da yawa suna yin nishi ƙasa a maimakon ja sama ba su sani ba, shi ya sa ya fi kyau ungozomar asibiti ko ma'aikaciyar sashen fisiyo ta duba ta tabbatar ana yi daidai. Tazarar wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara, da magance taurin bayan gida da tari mai daɗewa, da rage ɗaukar kaya masu nauyi a watannin jego, duk suna ba tsokar sararin farfaɗowa.

Tiyata tana da gurbinta ga wadda ƙaruwarta ta warke a buɗe ko mahaifarta ta zazzago, amma ba ado ba ce, kuma ɗinkin da ya wuce kima yana barin zafi na dindindin. Na'urorin leza da ake tallatawa da sunan sabunta farji kuwa, Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a Yulin 2018, ta ce ba a tabbatar da amincinsu ga wannan aiki ba, kuma suna iya ƙonawa su bar tabo. Neman a ciro jariri ta ciki don kawai a tsare matsi shi ma ba hujja ba ce, tun da bincike bai nuna cewa waɗanda aka yi wa aiki sun fi sauran gamsuwa bayan shekaru ba.

Masu sayar da ƙulli sun samu fili ne saboda asibiti ya bar shi. Ranar da mai jego ta koma bayan mako 6, yawanci jariri ake aunawa a yi masa rigakafi, uwar kuwa ba a cika tambayarta yadda ɗinki ya warke ko yadda take riƙe fitsari ba, ga kuma kayan da ake cusawa a wuri mafi laushi na jiki suna yawo a intanet ba sunan abin da yake ciki. Macen da fitsari yake kufce mata idan ta yi tari ko dariya, ko ba ta iya riƙe tusa da bayan gida, ko take jin nauyi kamar wani abu zai faɗo ta gabanta, ko saduwa take yi mata zafi bayan wata 3 da haihuwa, ta nemi ganin likitan mata ta faɗi abin ɓaro-ɓaro. Wadda kuma fitsari yake zubo mata ba tsayawa tun bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, kuma ana gyara shi a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina da ta Laure a Asibitin Murtala na Kano.