George Weah: Gwanin ƙwallon da ya koma aji bayan ya haura shekara 40

Da yawa daga cikinmu, idan aka ce mu zaɓi tsakanin fili da aji, ba sai mun yi dogon tunani ba. Muna ganin ai ƙwallo kaɗai ta isa ta fitar da mutum daga talauci. Labarin George Weah na ƙasar Laberiya ya nuna akwai gaskiya a wannan tunani, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

An haifi Weah a 1966 a birnin Monrobiya, ya tashi a hannun kakarsa a unguwar talakawa ta Clara Town. Bai kammala sakandare ba ƙwallo ta ɗauke shi. Daga ƙungiyoyin gida ya wuce Tonnerre ta Yawunde a Kamaru, daga can kuma Arsene Wenger ya kai shi Monaco a 1988. Ya buga wa Paris Saint-Germain, sannan AC Milan ta Italiya. A 1995 ya lashe kyautar Ballon d'Or, wadda har yau babu wani ɗan wasa mai wakiltar wata ƙasar Afirka da ya sake ɗauka.

Duk wannan ɗaukaka ta same shi ne ƙasarsa na cikin yaƙin basasa. Hukumar ƙwallon Laberiya ba ta da kuɗi, sai ya riƙa biyan kuɗin jirgi da na kayan wasa daga aljihunsa. Daga baya ya karɓi ragamar horar da ƙungiyar ƙasar, yana tsara 'yan wasa, yana kuma shiga fili tare da su. A wasannin neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2002, Laberiya da Najeriya rukuni ɗaya suke. Laberiya ta doke Super Eagles a Monrobiya, amma a ƙarshe Najeriya ta wuce da ratar maki ɗaya tak.

A 2005, bayan ya rataye takalminsa, ya tsaya takarar shugaban ƙasa. A nan ne abin da ya baro a baya ya cim masa. Abokiyar takararsa, Ellen Johnson Sirleaf, ta yi karatu a Jami'ar Harvard, kuma masu adawa da shi ba su da wata magana sai ta rashin iliminsa. Ya zo na ɗaya a zagayen farko, ya sha kaye a na biyu.

Wani zai ce an yi masa hassada ne, ya naɗe hannu. Shi kuwa sai ya koma makaranta. Ya kammala sakandare, ya shiga Jami'ar DeVry da ke Amurka, ya samu digiri a fannin harkokin kasuwanci a 2011, yana da shekara 44. A 2014 aka zaɓe shi sanata, a ƙarshen 2017 kuma ya ci zaɓen shugaban ƙasa da sama da kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'u. A shekararsa ta farko a mulki ya soke kuɗin makaranta ga masu karatun digirin farko a jami'o'in gwamnati.

Mulkinsa bai rasa suka ba. An yi kuka da tsadar rayuwa, an kuma zargi wasu jami'ansa da cin hanci. A 2023 Joseph Boakai ya kayar da shi da ƙaramar rata, shi kuma ya amince da shan kaye tun kafin a sanar da sakamakon ƙarshe, kamar yadda ɗan wasa ke miƙa hannu bayan busar tashi.

To, mu da ke ƙetare katangar makaranta domin atisaye, mu tsaya mu yi lissafi. Ƙafa tana da wa'adi, ɗan wasa kan yi sallama da fili kafin ya kai shekara 40. Mutumin da duniya ta shaida babu kamarsa a ƙwallo sai da ya dawo neman takardar da muke zaune a aji dominta yanzu. Mu buga ƙwallonmu da yamma, amma kada ƙararrawar safe ta same mu a waje.