Keiron Cunningham: Ɗan Gidan da Aka Yi wa Mutum-mutumi, Aka Kuma Sallame Shi

A harabar filin wasan ƙungiyar St Helens, a arewa maso yammacin Ingila, akwai wani mutum-mutumi na tagulla riƙe da ƙwallo. Na Keiron Cunningham ne. A watan Afrilun 2017 shugabannin ƙungiyar suka sallami mai wannan mutum-mutumi daga aikin koci, ya tattara nasa ya nasa ya bar filin, tagullar kuwa tana nan tsaye inda take.

Wasan da ake magana a kai shi ne zari-ruga, amma ba irin na mutum 15 da aka fi nunawa a talabijin ba. Wannan na mutum 13 ne, kuma asalinsa rigimar kuɗi ce. A 1895 ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka taru a wani otal a Huddersfield suka ɓalle daga hukumar wasan, saboda 'yan wasansu leburorin haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙa, kuma hukumar ta hana a biya su ladan aikin da suke rasawa ranar wasa. St Helens, garin kwal da masana'antar gilashi, na cikin waɗanda suka ɓalle. Har gobe wasan na talakawan waɗannan garuruwa ne, inda ɗan wasa kan haɗu da masu zaginsa a layin sayen burodi.

A wannan gari aka haifi Cunningham a 1976. Ya fara buga wa babbar ƙungiyar a 1994, bai kuma taɓa sa rigar wani kulob ba har ya ajiye takalmi a 2010, bayan wasa kusan 500. Lamba 9 yake sawa, kuma sai an san aikin mai lamba 9 za a gane darajarsa. A wannan wasa, in aka kayar da mai ƙwallo, sai ya miƙe ya ajiye ta a ƙasa, ya tura ta baya da tafin ƙafa. Wanda ke duƙe a bayansa yana jira, yawanci mai lamba 9 ne. Cikin ƙiftawar ido zai yanke shawara: ya miƙa dama, ya miƙa hagu, ko ya zara da kansa. Sau shida kacal ake yarda a kayar da 'yan ƙungiya kafin ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, don haka shawara ɗaya ta banza asara ce babba. Cunningham gajere ne kakkaura. In ƙwallo ta zo taku biyu daga layin ci, kowa a filin ya san zai sunkuyar da kai ya danna, amma sani bai hana ƙarti uku su koma da baya ba.

Da shi St Helens ta ci gasar Super League sau biyar, a 1996 da 1999 da 2000 da 2002 da 2006, ta ɗauki kofin Challenge Cup sau bakwai, ta kuma doke Brisbane Broncos ta Ostareliya a 2001 da 2007 a karawar zakarun duniya. Ya buga wa Wales da Birtaniya. An yi zawarcinsa da kuɗi masu tsoka ya koma wasan mutum 15, ya ce yana nan gida. A 2010, da za a rufe tsohon filinsu na Knowsley Road, shi ya ci ƙwallon ƙarshe a cikinsa. Wasansa na bankwana dai bai yi daɗi ba, don Wigan, abokiyar gabarsu ta kaka da kakanni, ta doke su 22 da 10 a wasan ƙarshe a Old Trafford.

Bai bar gidan ba. Ya shiga sahun masu horarwa, ya zama mataimakin koci Nathan Brown. Da Brown ya ci gasa a Oktoban 2014 ya koma Ostareliya, sai aka damƙa wa Cunningham ragama. A ganina nan aka ɗora masa kayan da suka fi ƙarfin gammo. Wanda ya gaji ƙungiyar da ta ɗauki kofi, in bai sake ɗauka ba an ce ya gaza, ga shi bai taɓa riƙe wata ƙungiya shi kaɗai ba. Tun a Fabrairun 2015 South Sydney ta zo har gida ta lallasa su 39 da nema. Duk da haka ya kai su wasan kusa da na ƙarshe a 2015 da 2016, Leeds ta fitar da su a na farko, Warrington a na biyu.

A wata ƙungiyar wannan abin yabo ne. Amma mutanen St Helens sun saba da wasan burgewa, ƙwallo na yawo hannu zuwa hannu, shi kuwa ya fi son a yi ta dannawa ta tsakiya har abokin karawa ya gaji. Sai guna-guni ya fara, daga baya ya zama ihu, daga bakin mutanen da suka zaɓe shi a yi masa mutum-mutumi. Kunnen doki 14 da 14 da suka yi da Huddersfield shi ya ƙarasa lamarin.

Ko an yi masa adalci? Masu cewa an yi gaggawa suna da abin faɗa, amma abin da ya biyo baya bai taimake su ba. Justin Holbrook ya zo, ya ci gasa a 2019 da su James Roby da Jonny Lomax da Alex Walmsley, waɗanda duk suna nan tun zamanin Cunningham. Kristian Woolf ya ɗora uku a jere, daga 2020 zuwa 2022. Shi Cunningham ya yi ɗan zama a Leigh da ke maƙwabtaka, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa a aikin koci.

Abin mamaki, ƙungiyar ba ta ji tsoron sake gwada ɗan gida ba. Da Woolf ya tafi, Paul Wellens aka ba aikin, tsohon abokin wasan Cunningham, shi ma haifaffen garin da bai taɓa buga wa wani kulob ba. A Fabrairun 2023 ya kwashi yaransa zuwa Ostareliya, suka doke Penrith 13 da 12 a gidanta.