Awon Fili Mai Karkata: Inda Masu Saye Ke Hasara

A Samaru da Sabon Gari, ba kowane fili ne ke da kusurwoyi a miƙe ba. Hanyar Sakkwato da layin dogo sun ratsa gonaki da yawa a karkace. Sau da yawa fili yakan fito da gefe huɗu, kowane gefe tsawonsa ɗaya da wanda ke fuskantarsa, amma duk siffar ta jirkice gefe guda. Masana lissafi suna kiranta faralelogiram.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna gefen gindi, a auna gefen da ya karkata, a ninka su, a ce girman filin ke nan. Alhali kuwa ƙa'ida ita ce a ninka gindi da tsayi, watau tazarar da ke tsakanin gindi da gefen da ke fuskantarsa, idan an ja igiya a miƙe sak.

Ga misali. Gona ce mai gindi mita 100, gefenta mai karkata mita 50, tsayinta kuwa mita 40. Mai gaggawa zai ce murabba'in mita 5,000 ce, amma a haƙiƙa 4,000 ce. Wanda ya saya bisa lissafin farko ya biya kuɗin murabba'in mita 1,000 da babu su a ƙasa, watau kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa. Haka kuma malamin gona zai yi kuskuren taki da iri, domin shawarwarin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru bisa hekta ake ba da su, hekta ɗaya kuwa murabba'in mita 10,000 ce.

Hujjar ba wuya gare ta ba. Ɗalibi ya zana siffar a takarda, ya yanke kusurwa ukun da ta turo a gefe guda, ya liƙa ta a ɗaya gefen. Nan take fili zai miƙe, girmansa bai ragu ba, bai ƙaru ba. Yuklid, masanin Iskandariya, ya tabbatar da wannan kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Wanda ke son samun tsayi na gaskiya sai ya bi dabarar magina: igiyoyi uku, mita 3, mita 4 da mita 5. In aka haɗa bakinsu aka ja su tsantsan, kusurwar da ke tsakanin gajerun biyu a miƙe take.

Saboda haka, kafin ma'aikaci ya sa hannu a takardar fili, ya kamata ya tambaya: wane gefe aka auna?