Alkawari Kaya Ne: Albashin 'Yan Ƙwallon Kwando a Amurka

Kowace la'asar in an tashi daga darasi mukan ruga filin ƙwallon kwando, kuma da yawa daga cikinmu ba su da wata hira sai ta irin maƙudan kuɗin da 'yan wasan Amurka ke samu. To, a wannan ɗan rubutu ina so in bayyana yadda ake tsara waɗannan kuɗi, da abin da ke faruwa idan kulob ya gaji da ɗan wasansa alhali kwantiraginsu bai ƙare ba.

Babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka ita ce NBA, mai kulob 30, ɗaya daga cikinsu yana ƙasar Kanada. A shekarar 1984 aka kafa wata ƙa'ida wadda za mu iya kira iyakar albashi, watau jimlar kuɗin da aka yarda kowane kulob ya kashe wajen biyan 'yan wasansa duka a shekara guda. A wannan shekarar ce kuma kulob ɗin Houston Rockets ya ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. A lokacin iyakar ba ta wuce dala miliyan 3.6 ba, amma a kakar wasa ta 2024/25 ta haura dala miliyan 140. Dalilin hauhawarta shi ne ana ƙididdige ta ne daga abin da gasar ta samu, 'yan wasa kuwa suna da kusan rabin wannan riba.

Me ya sa aka yi wannan ƙa'ida? Amsa ita ce don kada kulob na manyan birane masu arziki su kwashe gwanaye duka su bar ƙanana da hamma. Sai dai iyakar tana da kafofi. Alal misali, an yarda kulob ya ƙetare ta don ya sabunta kwantiragin ɗan wasan da ya daɗe tare da shi. Amma wanda ya zarce da yawa sai ya biya haraji mai nauyi, a raba wani kaso nasa ga kulob ɗin da ba su zarce ba.

Wani abin lura kuma, yawancin kwantiragin NBA tabbatacce ne. Ko ɗan wasa ya ji rauni, ko ƙarfinsa ya ragu, dole a biya shi. Saboda haka in zama ya ƙi daɗi sai a yi sulhu: ɗan wasa ya yafe wani abu daga kuɗinsa, kulob ya sallame shi ya tafi inda za a sa shi wasa. Wannan shi ne fansar kwantiragi. Amma fa sauran kuɗin da za a biya shi yana nan cikin lissafin iyakar albashin kulob ɗin. Sassaucin da aka yi tun 2011 shi ne a shimfiɗa bashin: a ninka shekarun da suka rage sau biyu, a ƙara ɗaya, a riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Ga misali na wani ɗan Afirka. Luol Deng, wanda aka haifa a garin Wau da ke Sudan ta Kudu a yanzu, ya sa hannu da Los Angeles Lakers a 2016 kan dala miliyan 72 na shekara 4. A shekararsa ta biyu wasa ɗaya tak aka sa shi, sauran duk yana zaune a benci. A watan Satumba na 2018 suka yi sulhu, ya yafe kimanin dala miliyan 7, ya koma Minnesota. Shekarar ƙarshe ta kwantiraginsa aka shimfiɗa ta zuwa shekara 3, kimanin dala miliyan 5 kowace shekara, har zuwa 2022. Ke nan ko a 2020 da Lakers suka ci kofi, sunansa na cikin littafin albashinsu, kuma wannan kuɗi ya rage musu abin da za su ɗauki wani ɗan wasa da shi. Shi kuwa Deng ya zama shugaban hukumar ƙwallon kwando ta Sudan ta Kudu a 2019, ƙasar kuma ta je wasannin Olamfik na birnin Paris a 2024.

A ganina kowane ɓangare ya biya farashi. Kulob ya yi gaggawar sa hannu, ya ɗauki kaya shekara 6. Ɗan wasa kuma ya sayi 'yancinsa da kuɗinsa, domin zaman benci ga mai sana'a ba hutu ba ne.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana masu burin zama 'yan wasa da kada mu yi wasa da darasin lissafi da na Turanci. Ranar da aka ajiye maka takarda a gabanka, tsallenka ba zai karanta maka ita ba. Iyayenmu kuma ku taimake mu da shawara kafin mu sa hannu a kan kome, gama alkawari kaya ne. Allah ya ba mu sa'a, amin.