Tarzomar Faransa ta 2023: abin da masu ra'ayin riƙau ke cewa

A shirinmu na wannan mako mun leƙa Faransa, saboda da yawanku kun tambaya: su wane ne masu ra'ayin riƙau, kuma me ya sa suke rigima da 'yan jarida? A taƙaice, mutane ne da ke fifita doka da oda, da tarbiyyar gida, da rage shigowar baƙi. Wasu na kiran su 'yan mazan jiya.

Ranar 27 ga Yunin 2023, ɗan sanda ya harbe Nahel Merzouk, yaro ɗan shekara 17, a cikin mota a Nanterre, kusa da Paris. Labarin farko da ya fito daga wajen 'yan sanda ya ce yaron ya nufo su da mota. Sai ga bidiyo ya nuna suna tsaye ne a gefen motar. Nan fa gari ya kama da wuta: kusan mako guda ana ƙona motoci, makarantu da ofisoshin gwamnati, ana fasa kantuna. Gwamnati ta baza 'yan sanda da jandarmomi 45,000, an kama mutum sama da 3,000, da yawansu yara ne matasa.

To, me masu ra'ayin riƙau suka ce? Na farko, a ganinsu wanda ya fasa kanti ɓarawo ne kawai, bai cancanci a kira shi mai neman haƙƙi ba. Suna kafa hujja da gidan wani magajin gari da aka afka wa da mota cikin dare, matarsa ta ji rauni. Éric Ciotti, shugaban jam'iyyar Les Républicains a lokacin, ya nemi a sa dokar ta-ɓaci kamar yadda aka yi a tarzomar 2005. Na biyu, sun ɗora laifi kan iyaye da lalacewar tarbiyya. Na uku, jam'iyyar Marine Le Pen ta danganta abin da yawan baƙi.

Ɗaya ɓangaren bai yi shiru ba. Sun ce talauci, rashin aiki da tsangwamar 'yan sanda ne tushen fushin, suna nuni da dokar 2017 da ta sassauta wa ɗan sanda harbi idan direba ya ƙi tsayawa. Ministan cikin gida na lokacin, Gérald Darmanin, shi ma ya ce kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka kama 'yan Faransa ne.

Sai batun kafofin labarai. Masu ra'ayin riƙau na zargin rediyo da talabijin na gwamnati da tausaya wa masu tarzoma da mantawa da mai kantin da ya yi asara. Abokan adawarsu kuma na zargin tashar CNews, wadda ke hannun attajiri Vincent Bolloré, da rura tsoron baƙi. Ko a kalma ɗaya ana gane inda tasha ta karkata: wannan ta ce "tarzoma", waccan ta ce "bore".

Siyasa ma ta girgiza. A zaɓen majalisar Turai na 9 ga Yunin 2024, jam'iyyar Le Pen ta zo ta ɗaya, Shugaba Macron ya rushe majalisar dokoki a daren. A cikin 2024 kaɗai, mutum huɗu suka riƙe kujerar firaminista. Tarzomar ba ita kaɗai ta jawo haka ba, tsadar rayuwa ma ta taka rawa.

Ina ruwan makiyayi da ɗan kasuwar kan iyaka da wannan? Kun tuna a Nijar an dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, bayan juyin mulki. Gardama kan wa ke faɗin gaskiya ta iso har ƙofarmu. Labarin farko na Nanterre ya canza da fitowar bidiyo, haka ma labarin rikici a kasuwa ko a burtali kan canza. Kafin ka juya garke ko ka rufe rumfa saboda saƙon WhatsApp, saurari tasha biyu, ka kira wanda ke wurin, ka kuma tambayi kanka wa zai ci riba in ka yarda. Allah ya ba mu zaman lafiya.