Karan Dafi: Dawar Da Ba A Nomawa Don Tuwo

Duk wanda ya ratsa gonakin Utai, cikin Ƙaramar Hukumar Wudil, a lokacin kaka, abin da zai fi cika masa ido shi ne dawa, farafara da ƙaura, wadda ita ce cimar yau da kullum. To, amma a cikin dangin dawa akwai wata da manoman ƙasar Kano suka daɗe da sani, wadda ba don ƙwayarta ake shuka ta ba. Sunanta karan dafi. Amfaninta yana ga gindin ganyen da ke naɗe da kara, wanda kan rine ya yi ja wur idan shukar ta ƙosa.

Tarihinsa a Hannun Majema da Dukawa

Tun kafin zuwan Turawa, da karan dafi ake rina fatar akuya. Bayan majemi ya jeme fata da bagaruwa, sai a daka busasshen ɓawon karan, a jiƙa shi da ruwan toka ko na kanwa, a shafe fatar da shi. Irin wannan jar fata ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, har aka laƙaba mata sunan fatar Maroko. A shekarar 1856 wani matashi a Ingila, William Perkin, ya haɗa rini na farko a ɗakin gwaje-gwaje. Daga nan rinin kanti ya yi ta yaɗuwa, saboda araha da sauƙin aiki, kasuwar karan dafi kuwa ta yi ta ja da baya.

Duk da haka, bai ɓace daga tukunya ba. A Gana, da shi ake dafa shinkafa da waken nan da ake kira waakye, abincin da sunansa ya samo asali daga kalmar wake ta Hausa. A Jamhuriyar Benin kuwa, da shi ake rina cukun Fulani da koko.

Daga Ina Jan Yake Fitowa?

Jan nan wani sinadari ne mai suna afijeninidin, ɗaya daga cikin babban dangin da masana ke kira filabonoyid. Ralph Nicholson da abokan aikinsa na Jami'ar Purdue a Amurka sun nuna, a 1987 da 1990, cewa wannan sinadari makami ne da dawa ke kare kanta da shi. Idan ƙwayar cuta ta dangin funfuna ta fara huda ganye, sai ƙwayoyin halittar wurin su haɗa sinadarin cikin wasu 'yan ƙunshi, su tura su daidai inda aka huda, su fashe a kan cutar. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake ganin jajayen tabo a ganyen dawar da cuta ta kama. Bambancin karan dafi shi ne yana tara sinadarin da yawan gaske ko da babu cuta.

Jan zoɓo ma ɗan wannan dangi ne, sai dai ba shi da juriya: zafi da ajiya kan kashe shi, kanwa kuma ta sauya masa kama. Shi kuwa afijeninidin, ginin ƙwayarsa ya rasa wani ɗan reshe guda da na zoɓo ke da shi, kuma ta wannan reshe ne launin ya fi saurin lalacewa. Saboda haka ya fi jure wuta. Shi ya sa masu sarrafa abinci, da ke neman launi na tsiro a maimakon na haɗi, suka sa masa ido. Polycarpe Kayodé na Jami'ar Abomey-Calavi a Benin yana cikin waɗanda suka yi zurfin bincike a kan haka.

Batun Magani

Cibiyar Binciken Haɗa Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta haɗa wani magani na cutar sikila mai suna Niprisan daga tsirrai huɗu, cikinsu har da ganyen dawa da masoro da kanumfari. Gwajin da aka wallafa a 2001 ya nuna ya rage yawan tashin ciwo ga majinyata, aka kuma fito da shi kasuwa a 2006 da sunan Nicosan. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta duk shekara.

Sai dai a yi hattara. Maganin da aka auna aka gwada daban yake da jiƙon da ake yi a gida. Mutane da dama na shan ruwan karan dafi don ƙarin jini, alhali jan launi ba shi ne shaidar sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata ba. Mai ƙarancin jini, musamman mai juna biyu da yaro, asibiti ya kamata ya nufa a gano dalili.

Darasi Daga Bakwit

Akwai wani tsiro da ake nomawa a Sin da Rasha da Jafan, ana kiran sa bakwit. Manoman Amurka sun yi watsi da shi a ƙarni na 20, da takin zamani ya sa masara da alkama suka fi riba. A shekarun 1940 masana suka gano cewa yana da wadatar rutin, wani filabonoyid da aka riƙa nazarinsa don ƙarfafa ƙananan hanyoyin jini. Binciken ya yiwu ne domin irin yana nan a hannun manoma.

Nan ne haɗarin yake ga karan dafi. Irin dawa ba ya daɗewa a rumbu da ƙarfin tsirowa. Idan aka yi wasu damuna ba a shuka shi ba, ya tafi ke nan. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan a Wudil, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka ɗora wa alhakin inganta dawa, tana Zariya. Aikin da ke gabansu a fili yake: a bi ƙauyuka a tattara irin da ya rage, a rubuta sunan da manoma ke kiran kowane, a auna yawan sinadarin da ke cikinsa, sannan a adana shi. Ga manomin Utai kuwa, layi ɗaya a gefen gona ya isa ya riƙe iri har baɗi. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.