Tsuntsayen da Ke Zaune da Mu a Gari



Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne tsuntsayen da ba kiwonsu muke yi ba, amma suka zaɓi su zauna tare da mu a cikin gari. Wanda ya biyo hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Tambuwal, ko ya karkata zuwa Kebbe inda fadamun Gulbin Zamfara suke, zai gan su a kasuwa da mahauta da kan itatuwan dogon yaro. Su ne kuma za a tarar a Kano da Katsina da Maraɗi. Abu uku ne ke jawo tsuntsu cikin gari: abinci, da ruwa, da wurin sheƙa. Saboda haka irin tsuntsayen da ake gani a gari, da waɗanda aka daina gani, suna ba da labarin halin da garin yake ciki.

Za mu kasa su kashi uku. Kashi na farko su ne masu share gari, wato ungulu da shirwa da hankaka. Shirwa takan yi shawagi a kan kasuwa, ta fauce ɗan tsako ko guntun nama, amma kuma tana cin ɓeraye da fara, shi ya sa ake ganin shirwoyi sun taru duk inda aka sa wa daji wuta. Hankaka kuwa ba ya zaɓen abinci. Hausawa sukan yi masa kirari da "mai da ɗan wani naka", kuma masana sun tabbatar cewa akwai wani tsuntsu da ke saka ƙwansa a sheƙar hankaka, shi kuwa ya ƙyanƙyashe, ya yi ta ciyar da ɗan da ba nasa ba. Ashe kakanninmu sun lura da abin tun kafin a rubuta shi a littafi.

Wajibi ne mu daɗe kaɗan a kan ungulu. Dattawan da ke cikin wannan zaure za su tuna lokacin da ba a yanka dabba a mahauta ba tare da ungulaye sun yi layi a kan katanga ba. Yau yaro zai iya girma a garuruwa da yawa bai taɓa ganin ko ɗaya ba. A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu, wato IUCN, ta sa irin ungulun da muka saba gani a gari cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Dalilan sanannu ne. Ana kama ta a sayar da kanta da ƙafafunta ga masu magani. Tana mutuwa idan ta ci mushen da aka sa wa guba don kashe karnuka ko kuraye. Ana sare manyan itatuwan da take sheƙa a kansu. Ga shi kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, don haka abin da aka kashe a wata guda sai an yi shekaru kafin a mayar da gurbinsa.

Wani zai ce, to mene ne asararmu? Ruwan cikin ungulu yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cututtuka irin su saifa, kuma garkenta yakan cinye mushe kafin ya ruɓe. Ƙasar Indiya ta ɗanɗana rashinta. Daga shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka yi ta mutuwa saboda wani maganin dabbobi mai suna diklofenak, wanda ke lalata musu ƙoda idan sun ci mushen saniyar da aka ba shi. Fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu irinsu suka halaka kafin a hana ba dabbobi maganin a 2006. Da mushe ya rasa mai ci, sai karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Lallai ungulu ba ta jewar banza.

Kashi na biyu su ne abokan manomi da makiyayi. Balbela takan bi shanu tana cafke farar da ƙafafunsu suka tayar, da yamma kuma ta komo gari ta kwana a kan itace. Tsuntsuwa ce mai ƙwazon tafiya, don a ƙarshen ƙarni na 19 ta ƙetare teku da kanta zuwa Amurka ta Kudu, daga can ta bazu har Amurka ta Arewa. Shamuwa kuwa baƙuwar damina ce. Takan iso mana dab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ta ƙyanƙyashe, sa'an nan da kaka ta nufi kudancin Afirka, inda damina ke farawa a lokacin da tamu ke ƙarewa. Fara da tsutsa ne yawancin abincinta. Al'adar da ta hana yara taɓa ƙwanta ita ce ta kare ta har yau, kuma al'ada ce da ta cancanci a riƙe.

Kashi na uku su ne masu cin hatsi: gwara da kurciya da hasbiya, sai kuma jan baki. Na farkon uku tsintar abin da ya zube suke yi, ɓarnarsu kaɗan ce. Jan baki kuwa shi ne tsuntsun dajin da ya fi kowane yawa a duniya, kuma manoman gero da dawa da shinkafa na jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara sun san abin da garkensa ke yi wa gona a yini ɗaya. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawa ne, sai sun yi ƙaranci yake afka wa amfanin gona. Akan yi masa feshi da jirgin sama a inda yake kwana, amma gubar ba ta tantancewa: shaho ko shirwar da ta ci gawarsa ita ma takan mutu. Don haka ya kamata a tabbatar da makwancinsa kafin feshi, a kuma kwashe gawarwakin a binne.

A ƙarshe, ga abin da ya rataya a wuyanmu. Ma'aikatan gona da na dabbobi su ja kunnen jama'a game da sa wa mushe guba. Masu kula da tsarin gari su bar tsofaffin kuka da tsamiya da gawo a tsaye idan za a fitar da hanya ko a raba filaye. Ku kuma ɗalibai, ku sami littafi ku riƙa rubuta ranar da shamuwa ta iso garinku kowace shekara, da adadin ungulayen da kuka gani a mahauta, ku tambayi tsofaffi sunayen tsuntsaye kafin sunayen su ɓace tare da masu su. Da irin wannan rubutu ne na baya za su san abin da muka tarar da abin da muka bar musu.